Hannun waifa ya kafe: da mai za ka cire shi, da fula, da zafi ko da zarto?

Ruwan farko na damina ne ya tona matsalar. Na shiga mota da safe na tarar da kafet ɗin gefen fasinja sharkaf, har ya fara tsami. Gilasai a rufe suka kwana, rufin kuma ba ya yoyo. Da na leƙa ta ramukan baƙar robar nan ta gindin gilashin gaba, sai na ga ganyen darbejiya da ƙurar hunturu sun haɗu sun zama laka, sun toshe hanyar da ruwa ke bi ya zube ƙasa. Aikin a ido ba komai ba ne: a ɗage robar, a kwashe lakar. Sai dai robar ba ta ɗaguwa sai an cire hannayen waifa biyu. Na kwance notin farko, na ɗan girgiza, hannun ya fito. Na kwance na biyu, na ja, na girgiza, na sake ja. Ko gezau. Ga noti a tafin hannuna, ga hannun waifa zaune daram kamar an yi masa walda.

Kwana biyu wannan hannu ɗaya ya cinye mini. Tun daga nan na cire wasu a motocin 'yan uwa da maƙwabta, wani cikin minti biyar, wani sai da zarto. Abin da na gane shi ne kowace hanya tana da ranar da take ci. Bambancinsu yana wurin abin da kowacce ke ɓatawa ranar da ta ƙi. Wata in ta ƙi, lokacinka kaɗai ya tafi. Wata kuwa da gilashin gaba za ta tafi.

Kafin ka zaɓa, ka san yadda abin yake zaune. Daga ƙarƙashin robar akwai wani gajeren ƙarfe da ya leƙo sama, ni turke nake ce masa. A samansa akwai zaren da noti ke hawa, ƙasa da zaren kuma wuri ne mai siraran haƙora a kewaye, gindinsa ya fi samansa kauri. Turken ƙarfe ne mai tauri. Kan hannun waifa kuwa, wurin da ke da rami, a yawancin motoci zubin alminiyam ne ko na zinki, mai laushi. Idan aka ɗaure noti sai ya danna kan ƙasa, haƙoran turke su nutse cikin laushin. Wannan cizon shi ke juya waifa, noti tsare shi kawai yake yi. Shi ya sa ko a sabuwar mota cire noti ba ya sa hannun ya faɗo da kansa.

Sai shekaru su zuba nasu. Duk inda ƙarfe iri biyu suka haɗu, danshi yana ratsa tsakaninsu, ɗaya yakan ci ɗaya. A nan alminiyam ne ke ciwuwa, ya fitar da wani farin gari kamar alli. Garin nan ya fi ƙarfen da ya fito daga jikinsa cin wuri, sai ya cike ɗan sararin da ya rage ya shaƙe turken. Gishiri yana hanzarta abin. Motocinmu 'yan Kwatano da yawa sun yi shekaru a Turai ko Amurka ko Kanada, inda ake watsa gishiri a titi lokacin ƙanƙara, don haka da kafewarsu suke sauka a tashar jirgi. Mu kuma a nan Arewa waifa takan yi wata 6 ko 7 ba a kunna ta ba, ƙura na shiga, mai wankin mota na jiƙa ta, rana na busar da ita.

Akwai abu na uku da ake yawan mantawa, wato sifirin ɗin da ke cikin hannun, wanda ke danna robar waifa a jikin gilashi. Muddin hannun yana kwance, sifirin ɗin yana karkata kan a jikin turke ya sarƙe shi. Hannaye da yawa da ake cewa sun kafe, sarƙewa kawai suka yi.

Ko wace hanya za ka bi, shirin iri ɗaya ne. Zare makulli, musamman in motar tana da waifa mai tashi da kanta in ta ji ruwa. Manna salatif a gilashi daidai inda robar kowace waifa take kwanciya, don ka san inda za ka mayar. Shimfiɗa tawul mai kauri ko kwali a ƙasan gilashin, domin hannun da aka ɗaga in ya kuɓuce ya koma da ƙarfin sifirin, bugu ɗaya ya isa ya tsaga shi. Ɓalle 'yar hular robar da ke kan noti. Notin yawanci lamba 13 ne ko 14, a wasu motoci ya kai 17. Ka sa soket mai kusurwa 6 don kada gefen notin ya murje, ka kuma riƙe hannun waifar da ɗaya hannunka lokacin kwancewa, kada ƙarfin murɗawar ya sauka a kan ƙarafan da ke ƙasa, masu haɗa turken da moton waifa. Sannan abin da na fi so ka riƙe: kada ka ajiye notin a gefe. Ka mayar da shi har samansa ya yi daidai da kan turke, a bar 'yar tazara tsakaninsa da kan hannun. Yana kare zaren daga lalacewa, yana kuma tare hannun lokacin da ya saki.

Ni da tambaya ɗaya nake auna hanyoyin nan duka: ƙarfin da na sa, a ina yake sauka? In za ka ja abu sama, dole wani abu ya tokare a ƙasa. A wurin nan abubuwa huɗu ne za su iya ɗaukar tokarar: gefen gilashi, baƙar robar, ƙarafan da ke haɗa moton waifa da turaku, ko shi turken kansa. Na ƙarshen ne kawai aka yi don ya jure.

Hanyar da ta fi sauƙi da arha ita ce mai da girgiza. Ka fesa mai a kewayen turke, ta sama inda ya leƙo daga ramin da ta ƙasan kan, ka bar shi ya yi awoyi, in da hali ya kwana. WD-40 shi ne wanda kowa ya sani, amma tun da aka ƙirƙiro shi a San Diego a 1953 ainihin aikinsa korar ruwa daga jikin ƙarfe ne da hana tsatsa. Akwai man fesawa da aka yi musamman don ratsa tsatsa, in ka samu ya fi. In babu, kananzir ko man gas ma suna ratsawa. Man birki ne ban yarda da shi ba. Na san kanikawa da yawa suna sa wa notin da ya ƙi, amma yana cin fenti, wurin nan kuma tsakanin murfin inji da fenda yake, ɗigo ɗaya ya bar maka tabon da ba ya fita.

Bayan mai ya shiga sai girgiza, kuma girgizar tana da yadda ake yin ta. Ka ɗaga hannun ya miƙe tsaye don sifirin ya daina karkata shi, ka kama kusa da gindi ka riƙa yi masa sama da ƙasa kana ɗan ja. A motocin da murfin inji ke hana hannun miƙewa, ka ɗaga murfin, ko ka sa tudun tafin hannunka a daidai gaɓar da hannun ke lanƙwasawa, ka riƙa dannawa ƙasa gajeru-gajeru. Dannawar nan tana daidaita kan a kan turke, sau da yawa sai ka ji ya saki. Abin da ba a yi shi ne murɗa shi hagu da dama kamar yadda yake share gilashi. Wannan yana aske haƙoran cikin ramin, yana kuma wahalar da 'yan kofunan robar da ke gaɓoɓin ƙarafan ƙasa.

Gaskiyar da zan faɗa game da mai ita ce ba ya yin abin da ake zato. Jar tsatsar noti yana sassauta ta, amma farin garin nan da ya matse cikin haƙora da wuya mai ya kai tsakiyarsa. Don haka in sarƙewa ce ko kafewa 'yar kaɗan, wannan hanya ta ishe ka. In ka bar mai ya kwana, ka girgiza minti goma bai motsa ba, ƙara gwangwani na biyu ba zai canja komai ba. Ribarta dai ba ta ɓata maka komai, kuma man da ka sa yana taimakon duk hanyar da za ta biyo baya.

A daidai nan ne hannu ke kai wa ga babbar sukudireba, kuma a nan ne nake son ka tsaya. Na ga abin da idona a motar ƙanina. Yaron wani gareji ya zura sukudireba a ƙarƙashin kan waifa, ya ɗora tsakiyarta a kan baƙar robar, ya danna da nauyin jikinsa. Muka ji 'yar ƙara siririya. Hannun bai motsa ba, amma ga wani farin layi ya taso daga ƙasan gilashin, bai kai tsawon yatsa ba. Yaron bai san gefen gilashin yana ɓoye a ƙarƙashin robar ba, gefen nan kuwa shi ne wurin da gilashi ya fi rauni. Gilashin gaba falle biyu ne da leda a tsakani, ba ya wargajewa, amma tsagar da ta fara ba ta tsayawa. Zafin rana da gargadar hanya suka riƙa jan ta, kafin sati biyu ta iso gaban direba. Garin neman gira aka rasa ido, kuɗin gilashin ya ninka na hannun waifa sau da yawa.

Ko ba a fasa komai ba, ɓanɓara ta gefe ɗaya tana da wani aibu: tana karkata kan, ta ƙara sarƙe shi. Kana ƙara ƙarfi yana ƙara riƙewa. In har babu makawa sai ka ɓanɓara, to ta gefe biyu a lokaci guda, kowane ƙarfe ya tokare a kan guntun katako da ke zaune a kan ƙarfen jikin mota, nesa da gilashi. A motoci da yawa irin wannan wurin babu shi ma. Ni dai na cire wannan hanya daga lissafina.

Wadda ta amsa tambayata daidai ita ce fula. 'Yar na'ura ce da ba ta fi tafin hannu ba, tana da farata biyu da ke shiga ƙarƙashin kan waifa, da kusa mai zare a tsakiya da ke sauka a kan turke. Kana murɗa kusar tana danna turke ƙasa, faratan suna ɗago kan sama, a miƙe, ba karkata. Ƙarfin duka yana zagayawa ne tsakanin turke da kan hannu. Gilashi bai san ana yi ba, robar ba ta sani ba, ƙarafan ƙasa ma haka.

Iri biyu ne suka dace. Akwai wadda aka yi don waifa, mai baki kamar kofaton da ke rungumar kan ta ƙasa. Akwai kuma ta cire kan batir, mai siraran ƙafafu biyu, ita ma tana yi sosai, kuma ta fi sauƙin samu aro a wurin masu batir da masu gyaran wayar mota. Manyan fulolin cire boris ba sa shiga, faratansu sun yi kauri. In saye za ka yi, ka nema wurin masu kayan aikin kanikanci a irin su Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka tafi da hotonta a waya, ka kuma ɗauki hoton gindin waifar motarka don a ga ko faratan za su samu wurin shiga. Ka duba kaurin ƙafafunta, masu arha sosai sukan buɗe kafin hannun ya saki.

Fula ma tana da nata halin. Ƙasan kan waifa yakan zama mai santsi da lanƙwasa, faratan sai su zame. Maganinsa ka ɗaure ƙafafun biyu da waya ko ka matse su da filaya lokacin da kake murɗawa. Bakin kusarta in mai tsini ne yana iya buɗa kan turke ya lalata zaren, shi ya sa barin noti a kai yake da muhimmanci, in ka ɗora ɗan falen ƙarfe a sama ma ya fi. Sannan kada ka yi ta murɗawa ba tsayawa. Ka ɗaure har ka ji ta yi tauri, ka tsaya, ka ƙwanƙwasa kan kusar da ƙaramar guduma sau uku ko huɗu, ka fesa mai, ka jira, ka ƙara kwatan zagaye. Lokacin da zai saki za ka ji ƙas, kamar wani abu ya karye. Ba abin da ya karye, cizon ne ya rabu.

In fula ta gagara samuwa, babbar filaya mai buɗe baki tana kwaikwayonta. Ka ɗora ƙaramin soket ko guntun kusa a kan turke, leɓen filaya na sama ya hau kansa, na ƙasa ya shiga ƙarƙashin kan waifa, ka matse. Ƙarfin yana sauka inda ya kamata, sai dai ta gefe ɗaya yake ja, don haka ka riƙa sauya wuri. Tana kuma goge fentin hannun, ka sa tsumma. Ta fi sukudireba nesa ba kusa ba, amma ba ta kai fula ba.

Guduma ita kaɗai kuwa ban ɗauke ta hanya ba, mataimakiya ce. Wasu sukan sa wani ya ja hannun sama, su kuma su riƙa bugun noti ƙasa. Bugu mara nauyi yana fasa farin garin, gaskiya ne. Amma turken yana zaune ne cikin bushi, wato kuben da yake juyawa a cikinsa, wani ɗan zobe siriri ke riƙe da shi, gidan da yake ciki kuma a motoci da yawa roba ne ko zubin alminiyam. Bugu mai nauyi can yake sauka. Ga shi kuma gilashi bai fi taƙi ɗaya daga wurin ba, in guduma ta kauce shi ke nan.

Zafi yana da dalili mai ƙarfi a bayansa. Alminiyam in ya ji zafi buɗewarsa ta kusa ninka ta ƙarfe sau biyu, ke nan ramin yana faɗaɗa fiye da turken da ke cikinsa. Buɗewar ba ta kai kaurin gashin kai ba, shi ya sa zafi shi kaɗai ba ya cire hannu. Amma in fula tana ɗaure tana ja, wannan 'yar buɗewar takan zama abin da ya rage. Abin lura shi ne irin zafin. Tsumma da aka tsoma a tafasasshen ruwa aka naɗe kan da shi, ana sabuntawa, ya isa a mafi yawan lokuta. Na'urar busar da gashi ma tana yi, in ka kare gilashi da robar da jiƙaƙƙen tawul. Kada dai ka kwarara tafasasshen ruwa a jikin gilashin, balle da sanyin safiyar hunturu, balle in yana da tsohon tabon dutse.

Harshen wuta kuma a'a. Za ka samu mai ce maka ka kai wa mai walda ya ɗan lasa masa wuta. Wutar gas ta masu walda tana haura digiri 3000. Zubin zinki yana narkewa kafin digiri 400, alminiyam a 660, kuma ba ya yin ja ya gargaɗe ka kamar ƙarfe, sai dai ka ga ya zube. Kafin nan robar ta narke, fenti ya ƙone, giris ɗin cikin bushi ya tsiyaye, ga man da ka fesa jiya yana jiran wuta. Wutar da ke kwance notin salansa ba ta da wuri a gindin gilashi.

Saura zarto. Mutane suna jin nauyin yanka abin da bai lalace ba, amma in ka auna, hannun waifa shi ne mafi arha a duk abubuwan da ke wurin, kuma shi ya fi sauƙin samu a kasuwar kayan gyara. Yadda ake yi, ka tsaga gefen kan daga sama zuwa ƙasa, a tsaye, daidai da tsayin turke. Ƙarfen mai laushi ne, ruwan zarton ƙarfe da ka naɗe gindinsa da tsumma yana cin sa da hannu. Ka tsaya kafin ka kai haƙoran turke, ka sa bakin sukudireba cikin tsagar ka murɗa, sai kan ya buɗe ya saki. In wurin ya yi ƙunci zarto ba ya shiga, ka jera ƙananan huji da injin huda a gefen, sannan ka tsaga. Babban injin yanka ƙarfe kada ya zo kusa: tartsatsinsa yana nutsewa cikin gilashi da fenti ya bar ɗigo-ɗigo, kuskuren daƙiƙa ɗaya kuma ya raba turken biyu. Ka sa tabarau saboda garin ƙarfe.

Sharaɗin zarto ɗaya ne, ka fara riƙe madadin a hannu kafin ka yanka, musamman da damina. Na direba da na fasinja ba tsayi ɗaya ba ne, ba lanƙwasa ɗaya ba. Wanda aka ciro daga mota mai sitiyari a dama, irin na Ingila ko Japan, ba zai zauna daidai a tamu mai sitiyari a hagu ba. In na hannu ne za ka saya, ka leƙa cikin ramin: in ya yi sumul yana ƙyalli, haƙoran sun aske, zai riƙa zamewa a kan turke.

Waifar baya ta motoci masu but a haɗe tana son kulawa ta daban. Gilashin baya falle ɗaya ne da aka gasa, in ya fashe gaba ɗaya yake zubewa kamar tsakuwa, kuma a wasu motoci ta cikinsa turken ya ratso. Ɓanɓara a nan ba ta ma cikin magana. Zaren turken siriri ne, yana saurin karyewa, kuma shi da moton abu ɗaya ne, in ya karye moto za ka saya. Hannun sau da yawa roba ne da zoben ƙarfe a ciki, kana ja robar ta fashe ta bar zoben a kan turke. In haka ta faru, ka tsaga zoben da zarto a hankali. A wasu motoci, kamar wasu samfuran Golf, bututun ruwan wanke gilashi ta tsakiyar turken ya biyo, kusar fula tana iya murƙushe shi. Ka kifa ƙaramin soket a kan bututun ya zauna a kan noti, kusar ta danna soket ɗin.

To wacce za ka ɗauka? Ya danganta da abin da ya kawo ka. In hannun ne ya lalace, sifirin ya mutu ko ya lanƙwashe, dama sabo za ka sa, kada ka ɓata kwana biyu: mai, girgiza, in ya ƙi ka yanka. In kuma hannun lafiyarsa ƙalau, robar kawai kake son ɗagewa kamar yadda ta kasance gare ni, to fula ce, a haɗa mata da mai da ɗumi. In waifar tana tafiya da ƙyar, tana ƙugi ko tana ƙona fis, ka yi zargin turken ne ya kafe cikin bushinsa. A nan ƙarafan ƙasa ne za su fita a gyara ko a canja, hannun kuwa kana son sa da rai, don haka fula ce dai. In notin kansa ne ya ƙi, ko gefensa ya murje, ko zaren ya fara juyawa a banza, nan ne zan ce ka kai wa bakanike, domin gyaran zare yana son kayan aikin da ba kowane gida ke da su ba. Amma ka tsaya a wurin, ka tambaya da me za a cire kafin a taɓa.

Ni a rana ta biyu wurin wani dattijo mai gyaran batir a unguwarmu na je. Na ce, "Baba, ko za a taimaka mini da aron fular cire kan batir? Hannun waifa ne ya ƙi fita."

Ya miƙo mini ita daga cikin wani tsohon gwangwani, ya ce, "Ka sa masa mai ya kwana?"

Na ce na sa.

Ya ce, "To ɗana, in ka ɗaure ta ka ji ta yi nauyi, ka sake ta haka nan ka je ka yi wani abu. Kada ka ce sai ka fi ta ƙarfi."

Haka na yi. Na ɗaure, na naɗe kan da tsumman ruwan zafi sau uku, na ƙwanƙwasa, na ƙara kwatan zagaye. A ƙwanƙwasa ta biyu na ji ƙas. Da na zare hannun, farin gari ya cika haƙoran turken har ba a ganin su. Na goge da burushin waya, na share cikin ramin, na shafa giris kaɗan, iya abin da zai hana ruwa zama, domin da cizo yake riƙewa, ba a son ya yi santsi. Bayan na kwashe lakar na mayar da robar, na kunna waifa ba hannaye na kashe, don moton ya koma mazauninsa. Sannan na ɗora kowane hannu a kan alamar salatif ɗinsa. Notin gaba a yawancin ƙananan motoci ɗaurinsa yana tsakanin Nm 20 zuwa 30 (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin ɗaurin noti), na baya ƙasa da haka sosai. Da gajeriyar sifana da hannu ɗaya ake kai wa nan, ba a taka shi da ƙafa. Na mayar da hular robar, wadda ita ce ke hana ruwa zama a kan noti, na watsa wa gilashin ruwa na gwada, robar waifa ta tsaya daidai kan alama. Da yamma na mayar wa dattijon fularsa, washegari kuma na je kasuwa na sayi tawa.